Zuwa Ga Sistocin Ɗakin Haihuwa: Wasiƙar Mai Jego Ranar Arba'in

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga ungozomomi da nas-nas na ɗakin haihuwa a babban asibitin garinmu, musamman waɗanda suka kwana a bakin aiki daren Larabar ƙarshe ta watan Agusta, da sauran 'yan'uwanku masu wannan aiki a duk inda suke.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ku da iyalanku. Ya aiki, ya kuma haƙuri da mu?

Yau na yi arba'in. Da safen nan Inna ta kife tukunyar wanka, ta kashe wutar murhu, ta ɗaga hannu ta yi wa Allah godiya har muryarta tana rawa. Tsofaffinmu suna cewa kabarin mai jego a buɗe yake sai ta cika kwana arba'in. Sau huɗu ina haihuwa ina jin wannan magana tana wucewa ta gefen kunnena, sai a wannan karon na san nauyinta, domin na kai bakinsa na leƙa. Allah ne ya dawo da ni, ku kuma ya sa kuka zama sanadi. An koya mana tun muna makarantar allo cewa wanda bai gode wa mutane ba, bai gode wa Allah ba. Shi ya sa na ɗauki alƙawari tun ina kwance a gadonku cewa in na miƙe, sai na rubuta muku wannan takarda a inda kowa zai gani.

Ba zan ambaci sunan kowa ba, don ban nemi izininku ba, wasunku ma ban san sunansu ba har yau. Amma za ku gane ni. Ni ce ta gado na uku daga ƙofa, wadda aka shigo da ita wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare ana tsuga ruwa, zanina jiƙe sharkaf, haihuwa ta biyar.

Gaskiyar da zan fara faɗa muku ita ce ban so zuwa wajenku ba. 'Ya'yana huɗu duk a ɗakina na haife su, a hannun tsohuwar ungozomar unguwarmu, Allah ya saka mata da alheri. Awo kam ina zuwa, katina ma a cike yake, kamar mata da yawa da kuka sani: mu zo awo wata-wata, ranar haihuwa kuma mu ja ƙofa mu durƙusa a gida. A wajen awon an gaya min jinina ya yi ƙasa, an kuma ce mahaifar da ta ɗauki ciki biyar ba ta da ƙarfin ta farko, don haka lallai in zo asibiti in haihu. Na ce "to" da baki, zuciyata ba ta amsa ba.

Abin da ya hana ni kun san shi, ko da ba a faɗa a gabanku. A gidan suna da gidan biki, in mata sun keɓe, labarin ɗakin haihuwa ake yi: an mari wance a cinya, an daka wa wance tsawa an ce da ake yin cikin ai ba a gayyace su ba, wata an bar ta tana kira har jaririn ya faɗo a ƙasa. Maƙwabciyata ta haihu a wani asibiti a wani gari, ta dawo ta rantse ko mutuwa za ta yi ba ta ƙara komawa. Kuma ba tsegumin mata ba ne kawai. Ni malamar makaranta ce, ina ɗan karance-karance, na ga binciken da aka buga a 2019 da goyon bayan Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda aka yi a Najeriya da Gana da Gini da Myanmar, ya nuna fiye da mace ɗaya cikin uku ta gamu da wulaƙanci ko zagi ko duka wajen haihuwa a asibiti. Da wannan tsoron na shigo ƙofarku, har na shirya kunnena don jin baƙar magana saboda na makara a gida.

Na kuwa makara. Naƙuda ta fara min tun daren Litinin bayan isha. Talata ta wuce, na sha rubutu, an yi addu'o'i, ciwon yana zuwa yana lafawa, duk a ƙugu da gadon baya, ba irin wanda na saba ba. Faya ta fashe Laraba da la'asar, har magariba shiru. Maigida yana Dawanau da kaya, aka kira shi a waya, ya ce me muke jira. Maƙwabcinmu mai adaidaita sahu ne ya fito cikin ruwan nan, kwalbatin bakin unguwa ya cika ya tumbatsa, sai da muka zagaya ta bayan kasuwa.

Gado takwas ne a ɗakin, mu kuwa goma sha ɗaya. Ku biyu ne ungozomomi, sai ɗaliba ɗaya mai sanin makamar aiki, sai Iya mai shara. Na ƙirga ku, domin ba ni da abin yi sai kallo. Yawancin matan yara ne 'yan haihuwar fari, wasu sa'annin ɗalibaina na aji shida, suna kuka suna kiran iyayensu. Ni da nake da shekara 36, na haifi huɗu, sai na ga ba zai yiwu in buɗe baki a gabansu ba. Haka aka tarbiyyantar da mu: mace ba ta raki a wajen haihuwa, kada a yi da ita har 'ya'yanta su girma su ji. Na cusa gefen mayafina a baki na cije, na juya fuskata bango.

Sista mai farin tabarau, da ke nake. Kin bar masu ihu kin zo kin tsaya a kaina, kika dafa goshina, kika ce: "Maman yara, duk ɗakin nan shirunki ne ya fi ba ni tsoro. Masu kuka na san inda suke, ke ce ban sani ba." Kika zare mayafin daga bakina a hankali, kika ƙara da cewa: "Nan ba gidan surukai ba ne. In ya yi ciwo ki faɗa min, da shi zan san abin da zan yi miki."

Shekara goma sha shida ina aure, ban taɓa jin wanda ya ba ni izinin in ce ciwo yana min ciwo ba sai a daren nan. Hawayen da na riƙe kwana biyu suka ɓalle. Ba ki ce in yi shiru ba, ba ki kuma tambaye ni me na zauna yi a gida tun Litinin ba. Kin dai tambayi lokacin da fayar ta fashe da launin ruwan, kin karɓi katina kin karanta shi tun daga farko.

Akwai wani abu da wataƙila ke kin manta, don kullum kina yinsa. Kafin ki duba ni sai da kika ce, "Zan duba ki yanzu, kin yarda?" Labulen gadon ya yage ta gefe, sai kika sa ɗalibar ta ware zani ta tare wajen, duk da cewa mata ne zalla a ɗakin. Da kika gama, kika yi min bayani da yatsunki: bakin mahaifa ya buɗe bakwai, ana neman goma, kan jaririyar yana ƙasa, amma ƙeyarta ta jingina da ƙashin bayana maimakon ta juyo gaba, shi ya sa ciwon yake a ƙugu, shi ya sa kuma tafiyar take jan ƙafa. Kin kira likita ya zo ya gani, kuka yanke shawara a gabana, da Hausa, cewa za a ba ni zuwa wani lokaci, in ba ta sauko ba ko bugun zuciyarta ya canza, za a shiga da ni tiyata. Da kika ga jikina ya yi sanyi da jin kalmar aiki, kika ce aiki ba gazawar mace ba ne, ƙofa ce ta biyu da Allah ya buɗe wa bayinsa. Na so a ce matan unguwarmu da ke yi wa wadda aka yi wa aiki kallon raguwa suna wajen sun ji.

Daga nan duk bayan rabin awa sai ki dawo da ɗan mazurarin nan, ki kifa shi a cikina ki saurara, idonki a kan agogo, ki je ki ɗiga alama a takardar da ke maƙale a ƙasan gadon. Tsakanin zuwa da zuwa kin karɓi haihuwa biyu, ina jin kukan jariran. Amma rabin awa ba ta taɓa wucewa ban ga tabaranki a kaina ba. Da na ce miki kwanciyar rigingine tana kashe ni, ni da durƙuso na saba, ba ki ce nan asibiti ne ba ƙauye ba. Kin shimfiɗa min leda, kin bar ni na durƙusa na riƙe ƙarfen gado, kika ce hakan ma zai taimaka mata ta juya.

Ɗaya Sistar, mai Hausar mutanen Jos, ke ma da ke nake. Na ga ɗan gicciyen da ke wuyanki lokacin da kika sunkuyo kina danna min ƙugu da tafin hannu. Ke ce kika riƙa ce min, "Mama, ki yi salati, ki kira sunan Allah, yana jin ki." Da harshena ya yi nauyi, kika kira Inna daga baranda, ko da yake ba a barin 'yan rakiya su shigo, kika ce ta tsaya a kunnena ta yi min addu'ar da na saba ji na minti biyar. Ban san abin da za a kira wannan ba in ba zumunci ba. Allah ya kāre ki, ya kāre naki.

Wajen ƙarfe biyu aka ɗauke wuta. Ƙwai ɗaya na sola ya rage a can kusurwa, haskensa bai kai gadona ba. Ɗalibar ta ciro wayarta ta kunna fitila, ta riƙe ta sama da awa guda, in hannun dama ya gaji ta mayar hagu. Da wannan hasken 'yata ta zo duniya, ƙarfe huɗu saura minti ashirin na asubahin Alhamis.

Ba ta yi kuka ba. Uwar da ta haifi huɗu ta san yadda ɗaki yake cika da ƙara a wannan lokacin, ta kuma san ma'anar shiru. Na ɗago kai na hango ta a hannunki, Sista mai tabarau, jikinta saki-saki, launinta ya dushe. Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ke kuwa ba ki tsaya ba. Kin goge ta da tawul da ƙarfi, kin murza bayanta, da ba ta motsa ba kika yanke cibiya kika kai ta kan ɗan teburin nan, kika kifa mata roba a hanci da baki kina matsa jakar iska, ina jin kina ƙirgawa ƙasa-ƙasa. Sistar Jos ta riƙe hannuna, kuma ba ta ɓoye min komai ba: "Ana ba ta iska. Zuciyarta tana bugawa, Mama, ki saurara." Ban san tsawon lokacin ba, a wajena ya fi kwana biyun da na yi ina naƙuda. Can sai na ji ɗan siririn sauti kamar na ɗan mage, ya tsaya, ya sake dawowa da ƙarfi. Iya mai shara, da ke tsaye da bokiti a bakin ƙofa, ta saki guɗa ba ta sani ba. Daga baya kuka gaya min minti ɗayan farko shi ne zinare a wajen jaririn da bai yi numfashi ba, kuma da yawa da ake naɗewa a gida a ce sun zo ba rai, iska kawai suke nema. Wannan magana ta hana ni barci dare da yawa, ina tuna jariran da na sani a danginmu.

Na ɗauka an gama. An yi min allura a cinya, mabiyiya ta fita, an ɗora min 'yata a ƙirji tana ɗumi. Kafin nan kun shimfiɗa min wata leda a ƙarƙashina mai aljihu kamar mazurari yana reto a bakin gado, da layukan awo a jikinsa. Ban kula da ita ba. Abin da na ji shi ne wani barci mai daɗi yana saukar min, sanyi yana hawowa daga yatsun ƙafa, muryoyinku suna nisa kamar daga bayan katanga. Ban faɗa wa kowa ba. Na ce a raina gajiya ce, kuma ku ma kun gaji, ga wata yarinya can tana kira, kada in dame ku.

Shekara goma sha huɗu da suka wuce, Yayata, wadda nake bi, ta haihu a gida lafiya lau, namiji. Ina ɗakin. Jini ya riƙa zuba, ana canza zani ana kawo wani, tsofaffi suna cewa ƙazantar haihuwa ce take fita, gara ta fita. Ta ce barci take ji, a bar ta ta ɗan runtsa. Muka ja mata bargo, muka fita tsakar gida muna murna ana dama kunu. Wannan barcin ne ba ta tashi ba. Babu wanda ya yi mata mugunta, kowa a ɗakin yana son ta. Ba mu san yawan jinin da ya fita ba, domin zani yana shanyewa, ido kuma yana raina abin da ya gani. Kuma ita ma irina ce, ba ta raki.

Barcin Yaya ne ya zo min a gadonku, Sista, kuma kin gane shi kafin ni. Kina tsaka da wanke hannu kika waiwayo, kika sunkuya kika haska aljihun ledar nan, kika taɓa cikina. Ba ki yi ihu ba, ba ki firgita ɗakin ba. Kin kira abokiyar aikinki da ɗalibar, kowa kika ba ta abin yi da kalma biyu-biyu. Kika ce min, "Yi haƙuri 'yar'uwa, zan ba ki wahala. Mahaifar ce ta yi laushi, sai ta ɗaure jinin zai tsaya." Kika shiga murza marata da ƙarfin da ban san hannun mace yana da shi ba. Aka sa min ƙarin ruwa a hannu biyu, aka zuba magunguna a ciki, aka sa robar fitsari, aka duba ko na ƙaru, aka aika a taso likita. Duk wannan a lokaci guda, ba a jira a ga ko na farko zai yi aiki ba.

Kina murzawa kina min magana. "Kada ki yi barci. Faɗa min sunan 'ya'yanki, daga babba." Na faɗi na fari, duk da ban taɓa kiran sunansa a gaban mutane ba. Na faɗi ta biyu. A na uku harshena ya ƙi. Kika matso da fuskarki dab da tawa, kika ce, "Saura biyu, ban da wannan sabuwar da ko suna ba a raɗa mata ba. Wa za ki bar wa su? Faɗa min." Na tattaro abin da ya rage a jikina na faɗa. Kika ce in sake daga farko. Ban san sau nawa muka zagaya ba, har na ji kin sauke numfashi kin ce, "Alhamdu lillahi, ta ɗaure."

Leda biyu na jini aka ƙara min. Maigida ya iso da asuba, ya tarar da dangi a baranda ana kallon-kallo, kowa yana tsoron a ɗebi jininsa kada ya rame ko ƙarfinsa ya tafi. Ke da ba ki runtsa ba, kika fita kika same su, kika gaishe da manya da ladabi, kika yi musu bayanin cewa abin da ake ɗiba bai kai lita ɗaya ba, rabinta ma da ƙyar, kuma jiki yana mayar da shi. Kafin nan ma kin riga kin je ɗakin ajiyar jini kin tsaya mana, aka ba da leda ta farko a kan maganarki kafin a kawo madadi. Ƙanena da mai adaidaitan da ya kawo mu su suka miƙa hannu.

Da na dawo a duba ni bayan sati biyu na tambayi labarin ledar nan mai aljihu. Aka ce min in jini ya kai mililita 500 bayan haihuwa, wato cikin ledar ruwan fiya-wata guda ɗaya, an shiga haɗari, kuma da ido kaɗai sau da yawa ba a ganewa sai an makara. Na je na karanta sauran. Wani babban bincike ne mai suna E-MOTIVE, da aka yi a asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata sama da 200,000, aka fitar da sakamakonsa a 2023. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero da ke Kano ce ta jagoranci ɓangaren Najeriya. Sun gano cewa auna jinin da wannan leda, tare da haɗa magungunan a ba da su gaba ɗaya maimakon ɗaya bayan ɗaya, ya rage mummunan zubar jini da abin da yake jawowa da kashi 60 cikin ɗari. Na yi alfahari da jin cewa 'yar Arewa tana cikin waɗanda suka kawo wannan, na kuma yi kuka, don da akwai shi a ɗakin Yaya da wataƙila ita ce ta yi min wankan jegon nan. Sai dai leda ba ta da ido. Sai an samu wadda za ta tuna da matar da ta yi shiru a gado na uku, ta sunkuya cikin duhu ta duba.

Iya mai shara, ban manta da ke ba. Ke kika kwashe abin da ya zuba a ƙasa, kika goge min ƙafafu da ruwan ɗumi, kika ɗaura min busasshen zani ba tare da kin yamutsa fuska ba. Da na ce ki yi haƙuri na ɓata miki wuri, kika ce, "Haba 'yar nan, ni ma ta nan na bi sau tara." Kika zuba min shayi daga filas ɗinki na gida. Maigida ya bi ki da ɗan abin hasafi kika ƙi, ya je wajen Sista ita ma ta ce ya je ya sayo min hanta da zogale da alayyahu, jinin da na zubar yana buƙatarsu.

Ke kuma ɗaliba, 'yata, Inna ta gan ki da safe a bayan taga kina kuka ke kaɗai, ashe ranar kika fara ganin irin wannan. Hannunki ya yi rawa, amma fitilar ba ta sauka ba. Ina roƙon ki ki tsaya a wannan aiki, ki kuma ɗauki halin wadda kika tsaya a bayanta a daren.

Na gode da yadda kuka bi da Inna. Ta so a matse dakashi a zubar, a ba jaririya ruwa tukuna kamar yadda aka yi mana. Da wata ce da ta ce mata jahilci ne, ita kuwa da ta yi fushi ta yi abin da ta ga dama in mun koma gida. Sista ta durƙusa ta ce, "Inna, ku ne manya, kun fi mu sanin jego. Alfarma ɗaya nake nema, wannan nonon farkon a bar mata, shi ne rigakafinta na fari." Suka zauna kamar uwa da 'ya suka daidaita: wanka da ruwa mai ɗumi ba mai ƙuna ba, kanwa kaɗan a kunu, cibiya kuma a shafa mata maganin da aka ba mu, ban da gashi da man goge baki. Har yau Inna in za ta yi wani abu sai ta ce, "Yarinyar nan mai tabarau ta ce."

Da aka yi canjin aiki ƙarfe takwas na hango ki, Sista mai tabarau, zaune a benci kin cire takalmi, ƙafafunki sun kumbura kamar na mai ciki, kina rubuta rahoto kina gyangyaɗi. Kunya ta kama ni. A ƙarshen watan Yulin 2025, lokacin da ma'aikatan jinya suka shiga yajin aikin gargaɗi, ina da tsohon ciki, ina cikin masu cewa ba ku da tausayi. Ban san mace biyu ke riƙe da rai goma sha ɗaya, da wasu goma sha ɗayan a ciki, daga dare zuwa safe ba. Ku yafe min.

Tunda wasiƙar a buɗe take, na san za ta iya kaiwa ga idon masu iko da asibitocinmu, don haka ina da magana da su. A 2024 hukumar da ke yi wa nas-nas da ungozomomi rajista a ƙasar nan ta ce sama da 42,000 sun bar Najeriya cikin shekara uku. Alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya kuma sun nuna cewa a duk mata huɗu da ke mutuwa wajen ciki da haihuwa a faɗin duniya, fiye da ɗaya 'yar Najeriya ce, kuma kowa ya san Arewa ce ta fi ɗaukar nauyin. Ranku ya daɗe, da a ce a daren nan wata matar ta fara zubar da jini a daidai lokacin da nake yi, hannu nawa ya rage? Ku ɗauki ƙarin ungozomomi, ku biya su haƙƙinsu a kan kari, har da kuɗin aikin dare. Ku sa wuta tsayayya a ɗakin haihuwa, domin allurar tsayar da jini da jinin da ke ajiye duk sanyi suke so. Kada ledar awon nan ta yanke a sito. Kuma tiyatar haihuwa kyauta ga marasa ƙarfi da Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar a watan Nuwamban 2024, a tabbatar ta kai ga matar ƙauye da ba ta san kowa ba.

Ku kuma Sistoci, roƙo ɗaya gare ni. In kun ga wata a cikin abokan aikinku gajiya ko hali ya sa ta ɗaga hannu ko harshe a kan mai naƙuda, ku ja ta gefe ku yi mata magana, daga bakinku za ta fi ji. Mari ɗaya a ɗakin haihuwa yana hana matan unguwa guda zuwa asibiti, ni shaida ce. Ranar suna, da tsakar gidanmu ta cika, na ba da labarinku tun daga mayafin da aka zare min a baki har shayin Iya. Maƙwabciyata da ta rantse ba ta komawa asibiti tana zaune tana ji, cikinta wata shida. Da za ta tafi ta tambaye ni ranar da kuke awo. Na yi mata alƙawari da sunanku cewa ba za a wulaƙanta ta ba.

Yarinyar ta ci sunan Yayata. Tana shan nono sosai, ta fara bin haske da ido, kukanta kuwa yanzu har maƙwabta suna ji. Jibi Alhamis za ta cika sati shida, zan kawo ta rigakafi, kuma zan biyo ta ɗakinku. Inna ta yi muku dambun nama da yajin jego, ta ce in gaya muku wannan ba kuɗi ba ne, ba a mayar wa tsohuwa hannu. In Sista mai tabarau ba ta aiki ranar, don Allah a gaya min ranar da take, in sake dawowa, ina so ta ɗauki 'yarta ta ji nauyinta.

Allah ya saka muku da alheri, ya jiƙan iyayenku, ya raya muku zuri'a, ya ba ku masu riƙe hannunku ranar da kuke buƙata. Waɗanda ke da ciki a cikinku, Allah ya sauke ku lafiya.

Wassalam.

Taku har kullum,
Mai jegon gado na uku daga ƙofa.